Me ya sa haɗin lemona na gida yake fitowa salam?

"Assalamu alaikum Anti. Ina matuƙar son haɗaɗɗen lemo irin wanda ake kira koktel, amma marar giya, musamman Mojito da Piña Colada. Idan na sha a otal sai in ji kamar kada ya ƙare. In na haɗa a gida kuwa, ko dai ya yi zaƙi har ya gundure ni, ko ya fito tsararo, salam, kamar ruwan ɗaurayar kofi. Kayan haɗina iri ɗaya ne da nasu. Shin akwai wani sinadari da suke ɓoyewa ne, ko kuwa sai na sayi irin kayan aikinsu?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Idan na fahimce ki, abu biyu ke damun ki: zaƙin da ke wuce kima, da kuma tsinkewar lemon har ya rasa ɗanɗano. Kina kuma zargin ko akwai wani sirri da masu sana'ar ke riƙewa. Na yi aiki a sashen haɗa abin sha na otal, yanzu kuma ina koyar da shi, kuma zan gaya miki gaskiya, babu wata ɓoyayyiyar kwalba a ƙarƙashin kanta. Abin da suke yi wanda ba kya yi shi ne awo. Suna auna tsami, suna auna zaƙi, kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, suna lissafin ruwan da ƙanƙara za ta saki a cikin kofin. Bayan wannan akwai matsala ta uku da ta shafi irin naki kawai, wato marar giya, kuma da ita zan fara domin ita ce tushen sauran.

Gurbin da giya ta bari

Waɗannan haɗe-haɗen da kika ambata asalinsu da giya aka tsara su. Bayani na farko da aka buga kan ma'anar koktel ya fito ne a wata jarida ta garin Hudson da ke jihar New York a Amurka a shekarar 1806, inda aka ce haɗi ne na giya mai ƙarfi da sukari da ruwa da ɗan abu mai ɗaci. Mojito daga Kuba ya fito, da giyar rake, lemun tsami, sukari, na'ana'a da ruwan soda. Piña Colada kuma ta tsibirin Puerto Rico ce, har gwamnatinsu ta ayyana ta a matsayin abin shan ƙasa a 1978, ita ma da giyar rake a cikin abarba da kwakwa.

A irin wannan tsari giyar takan kai mililita 50 zuwa 60 a kofi ɗaya, kuma ayyuka take yi a cikin haɗin. Tana ba shi nauyi a baki, tana kawo ɗan zafi a maƙogwaro wanda ke hana mutum kwankwaɗewa lokaci guda, tana ɗauko ƙamshin ganye da ɓawo, sannan tana danne zaƙin sukari. To yawancin masu koyarwa a intanet sai su cire ta kawai, su bar sauran kayan a yadda suke, gurbin kuma su cike shi da ƙarin soda ko ƙarin ruwan 'ya'yan itace. Idan aka cike da soda, lemon ya tsinke. Idan aka cike da ruwan 'ya'yan itace, zaƙi ya yi yawa. Kin ga matsalolinki biyun nan daga wuri ɗaya suka fito.

Don haka duk lokacin da za ki haɗa, ki fara da tambayar kanki: mene ne zai riƙe wannan kofi? Ni abin da na fi dogara da shi shi ne ganyen shayi mai ƙarfi da aka bari ya huce. Baurin da ke cikin shayi yana ɗan kama harshe, yana ba lemo jiki, yana sa a riƙa kurɓa a hankali. Jakar shayi biyu a ruwan zafi mililita 200, minti huɗu zuwa biyar, sai a cire. Idan ya wuce haka bauri zai koma ɗaci marar daɗi. Wanda ya fi laushi shi ne a jiƙa ganyen a ruwan sanyi a bar shi cikin firji ya kwana. Baƙin shayi yana tafiya da abarba da lemun zaƙi da kirfa. Koren shayi kuma ya fi dacewa da na'ana'a da kokwamba da lemun tsami.

Na biyu ita ce ɗanyar citta, wadda ke maye gurbin zafin maƙogwaro. Kada ki dafa ta. Ki gurza, ki matse ruwan a kyalle mai tsabta, ki haɗa shi da sukari daidai nauyinsa, ki juya har ya narke. Dafaffiyar citta tana yin laushi, ɗanya kuwa cokalin shayi ɗaya ko biyu ya isa ya tayar da kofi gaba ɗaya. Na uku shi ne ɗaci kaɗan, kamar na ruwan tonik, wanda ke ɗauke da sinadarin kwinin da ake samu daga ɓawon bishiyar sinkona. Mutane suna gudun ɗaci a abin sha, amma ɗan kaɗan ɗinsa shi ke bambanta haɗin manya da lemon yara.

Tsami da zaƙi

Lemun tsami yana da tsami kusan kashi 6 cikin ɗari, lemun zaƙi da abarba kuwa ba su wuce kusan kashi 1 ba, kankana ma kusan babu, ga ta da ruwa sama da kashi 90. Wannan ya sa idan kika haɗa abarba da lemun zaƙi da kankana kika ƙara sukari, kin tara zaƙi a kan zaƙi ne ba tare da abin da zai ja masa burki ba. Kusan kowane haɗi yana buƙatar lemun tsami, ko da ba a jin sa ƙarara.

Sukari kuma kada ki zuba shi gari a cikin ruwan sanyi. Ba ya narkewa da kyau, sai ya kwanta a ƙasa, saman kofin ya yi tsami, ƙasan ya yi zaƙi cau. Ki dama ruwan sukari tun da wuri: sukari awo ɗaya, ruwan ɗumi awo ɗaya, a juya har ya narke, ba sai an tafasa ba. A kwalba mai tsabta cikin firji zai kai kimanin wata guda, in kika ga ya fara gurɓacewa ki zubar. Zuma ma haka take, tana dunƙulewa in ta haɗu da ƙanƙara, sai an sirka ta da ruwan ɗumi tukuna.

Ma'aunin da nake ba ɗalibaina su fara da shi shi ne ruwan lemun tsami mililita 25, ruwan sukari mililita 20, sai abin da zai riƙe kofin mililita 50 zuwa 60. Idan ba ki da kofin awo, cokalin cin abinci na awo mililita 15 ne, na shayi kuma 5. Na ce a fara da shi ne, domin lemun tsami ba ya zama ɗaya. Wani ƙarami ne mai kaifi, wani ya nuna ya yi laushi. Shi ya sa "ki matse lemun tsami guda ɗaya" ba awo ba ne. Ki matse, ki auna, ki haɗa, ki ɗanɗana da cokali kafin ƙanƙara ta shiga. A wannan matakin ya kamata ki ji haɗin ya ɗan fi ƙarfin baki, tsaminsa da zaƙinsa duka sun ɗan zarce. Idan tun kafin ƙanƙara ya yi miki daidai, to bayan ta shiga salam zai koma.

Ki kuma matse lemun tsamin a ranar da za ki sha. Idan ya kwana yakan fara ɗaci, ƙamshinsa ya dushe. Na kwalba da ake sayarwa kuwa an dafa shi ko an sa masa abin hana lalacewa, ba zai taɓa ba ki abin da kika ji a otal ba. In da za ki gyara abu ɗaya tak daga cikin duk abin da na faɗa, to wannan ne.

Sai gishiri. Ki narkar da giram 20 na gishiri a ruwa giram 80, ki ajiye a ƙaramar kwalba, ki riƙa ɗiga biyu zuwa huɗu a kofi. Ba za a ji gishirin ba. Aikinsa ya danne ɗaci ya fito da ɗanɗanon 'ya'yan itacen, har ki ga kin rage sukari ba tare da kin ji an rage ba. Ki gwada da kofi biyu, ɗaya da shi ɗaya babu, za ki ji bambancin da bakinki.

Ƙanƙara

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan yawancin haɗin gida ke lalacewa. Ƙanƙara ba ta sanyaya abin sha sosai sai ta narke. Narkewar giram ɗaya na ƙanƙara tana janye zafin da ya isa ya sauke giram 80 na ruwa da digiri ɗaya. To ki lissafa. Idan kayan haɗinki mililita 100 ne kuma suna kan digiri 25, kafin su sauka kusa da sifili sai kimanin giram 30 na ƙanƙara ya narke a ciki. Kin ƙara wa lemonki ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Amma idan daga firji kika ɗauko su suna kan digiri 5, abin da zai narke bai wuce giram 6 ko 7 ba. Kayan haɗi iri ɗaya, hannu ɗaya, amma kofi biyu mabambanta.

A haɗin da ke da giya ana son wannan ruwan, domin shi ke karya kaifin giyar. A naki kuwa babu abin da za a karya, duk ɗigon da ya shiga ragin ɗanɗano ne. Saboda haka komai ya shiga firji kafin a fara: shayin, ruwan sukarin, ruwan 'ya'yan itacen, sodar, har da kofin gilashin da za a sha da shi. Kofi mai ɗumi shi kaɗai yana narkar da ƙanƙara mai yawa.

Akwai kuma abin da mutane ke yi da kyakkyawar niyya amma yake jawo akasin abin da suke so. Sai su sa ƙanƙara biyu ko uku kawai, wai don kada lemon ya tsinke. Ƙwaya biyu ba za su iya saukar da zafin kofin ba, sai su narke ƙarƙaf, a tashi da lemo mai ruwa kuma marar sanyi. Idan kika cika kofin da ƙanƙara har baki, lemon zai yi sanyi nan take, narkewar kuma ta ragu sosai. Ki cika kofi. Ki yi amfani da manyan ƙwayoyi masu tauri da suka fito daga firiza kai tsaye. Ƙanƙarar da ta zauna a kwano ta fara zufa tana ɗauke da ruwa a jikinta, wanda zai shiga lemon tun kafin ta yi aikin komai. Dakakkiyar ƙanƙara ta fi saurin sanyayawa kuma ta fi saurin narkewa, in za ki yi amfani da ita sai ki ƙara ƙarfin haɗin.

Ƙanƙara tana kuma ɗaukar warin abin da ke kusa da ita a firiza. Ki yi ta da ruwan da za ki iya sha, ki adana ta a jaka ko roba mai murfi. Wata dabarar da nake so ita ce a daskarar da shayin ko ruwan abarbar kansa a matsayin ƙanƙara, yadda ko ta narke ɗanɗano take ƙarawa.

Game da kayan aiki, kwalba mai faɗin baki da murfi mai rufuwa da kyau ta isa wajen girgizawa. Ki zuba haɗin, ki cika da ƙanƙara, ki girgiza da ƙarfi na daƙiƙa takwas zuwa goma, ki tace a kan sabuwar ƙanƙara. Girgizawar tana shigar da iska, tana ba lemon laushi, kuma ruwan abarba yana yin kumfa mai kyau da kansa. Soda ba a girgiza ta. Ita ce ta ƙarshe, mai sanyi ƙarara, a zuba ta a hankali ta gefen kofi, a ɗaga cokali daga ƙasa sau ɗaya ko biyu. Iskar gas ta fi zama a ruwa mai sanyi, soda mai ɗumi kuwa tana taɓa ƙanƙara gas ɗinta zai fice.

Haɗin naki guda biyu

Mojito: ganyen na'ana'a takwas zuwa goma a ƙasan dogon kofi, tare da ruwan sukari mililita 20. Ki danna su a hankali da bayan cokali sau uku ko huɗu. Kada ki daka, kada ki markaɗa. Ƙamshin na'ana'a yana cikin ƙananan ƙwayoyin mai da ke jikin ganyen, dannawa kaɗan ta isa ta fito da shi. Idan ganyen ya yayyage, ɗacin ɗanyen ganye ne zai fito, ga kuma gutsattsari a haƙori. Ki ƙara lemun tsami mililita 25, koren shayi mai ƙarfi mai sanyi mililita 50, cokalin shayi ɗaya na ruwan citta, ɗigon ruwan gishiri biyu. Ki cika da ƙanƙara, ki rufe da soda mililita 60 zuwa 80. Sai ki ɗauki reshen na'ana'a, ki tafa shi tsakanin tafukanki sau ɗaya, ki soka shi daidai inda hanci zai kasance. Wannan reshen ba ado ba ne kawai, domin babban kaso na abin da muke kira ɗanɗano ta hanci yake shiga. Haka ma ɓawon lemo, in kika murɗa shi a saman kofi za ki ga mai yana fesowa, wannan man yana canza kurɓar farko gaba ɗaya.

Piña Colada: kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba ruwan abarba da madarar kwakwa a bilanda a cika da ƙanƙara. Wuƙar bilanda tana farfasa ƙanƙarar ta yi saurin narkewa. Maimakon haka ki yayyanka nunanniyar abarba ki daskarar da ita tun jiya. Daskararriyar abarba giram 150, madarar kwakwa mai kauri mililita 45, ruwan abarba mililita 50, lemun tsami mililita 15, ɗigon gishiri uku. Ki markaɗa, ki ɗanɗana, sannan ki ga ko tana buƙatar ruwan sukari. Ki duba gwangwanin kwakwar da kyau, domin akwai wadda aka riga aka cika da sukari, akwai marar sukari, kuma rashin bambance su yana daga cikin dalilan da ke sa zaƙi ya gundure ki. Idan kina son ta yi zurfin ɗanɗano, ki gasa rabin abarbar a kasko har ta ɗan yi ja kafin ki daskarar, ko ki sa cokali biyu na baƙin shayi da aka jiƙa da kirfa.

Idan baƙi za ki yi wa, kada ki tsaya haɗa kofi ɗaya-ɗaya suna jira, kada kuma ki cika jug da ƙanƙara da soda ki ajiye. Ki ninka awon gwargwadon yawansu, ki haɗa komai ban da soda da ƙanƙara, ki sa a firji awa ɗaya ko biyu kafin su zo. Suna zama sai ƙanƙara a kofi, haɗi, soda, ganye. Ni na fi son ƙananan kofuna, a sha ya ƙare yana kan ganiyarsa cikin minti goma, wanda yake so a ƙara masa sabo. Babban kofi yana burge ido, amma rabinsa na ƙarshe ruwa ake sha.

Abin lura a kan kwalabe

Tunda kin ce marar giya kike so, ki riƙa karanta jikin kwalba. Ruwan ɗacin nan na Angostura, wanda wani likita Bajamushe mai suna Johann Siegert ya fara haɗawa a 1824 a ƙasar Benezuwela, ana ɗiga shi a haɗe-haɗe da yawa har da waɗanda ake kira marasa giya, alhali shi kansa kashi 44.7 cikin ɗari barasa ne. Ruwan banila na asali ma, a dokar Amurka sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 na barasa. A ƙasashe da dama kuma ana yarda a rubuta "marar giya" a kan abin sha da ke ɗauke da har kashi 0.5. Ni aikina in sanar da ke abin da ke cikin kwalbar, hukuncinsa kuwa na malamai ne. Idan kina son ɗaci da ƙamshi ba tare da wannan ba, ki jiƙa ɓawon lemun zaƙi da kanumfari biyu ko uku da ɗan kirfa a cikin baƙin shayi mai zafi, ki tace, ki riƙa amfani da cokalin shayi ɗaya.

Sai batun sukari. Mililita 30 na ruwan sukarin da na bayyana yana ɗauke da kimanin giram 18 na sukari, ban da na 'ya'yan itacen. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa, har da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 na kuzarin da mutum ke ci a rana, wato kusan giram 50 ga babba mai matsakaicin ci. Kofi biyu na Mojiton da ke sama sun cinye fiye da rabin wannan. Mai ciwon sukari ya tuntuɓi likitansa, haka ma mai juna biyu game da tonik da shayi mai ƙarfi. Wasu haɗe-haɗen kuma ana sa musu ɗanyen farin ƙwai don kumfa, ni ba na ba yara da masu ciki da tsofaffi shi.

Ya kamata ki san iyakar abin da dabarun nan za su yi miki. Shayi da citta ba za su mayar da haɗin ya zama kwafin na asali ba, wani abin sha ne daban da ke da nasa daɗin, kuma a haka ya kamata a auna shi. Awon da na ba ki ma daga bakina da bakin waɗanda na yi wa hidima ya fito. Wata ta fi son tsami ya ciji harshe, wata ta fi son laushi. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta awon kowane kofi, kuma duk lokacin da za ki gyara, abu ɗaya za ki canza, da mililita 5 kawai. In kika canza tsami da zaƙi da shayi lokaci guda, ko ya yi daɗi ba za ki san wanne ya gyara shi ba. Ki fara da Mojito, domin kayansa kaɗan ne kuma kuskure ba ya ɓuya a cikinsa, idan hannunki ya faɗa a kansa sai ki koma kan abarba da kwakwa.